Ranar da Mai Kofi Ya Kayar da Kansa

Duk layin babu wanda bai san Mai Kofi ba, kuma babu wanda bai san kofin ba. Yana nan bisa kanta a shagonsa na aski, tsakanin kwalbar man gashi da wata rediyo da ta daɗe da daina magana. Ya ci shi ne a gasar muhawara tun yana sakandare, zamanin da gashin kansa bai gudu ya bar shi ba. Kullum da safe sai ya goge shi kafin ya goge madubi.

"Tun daga ranar nan," in ji shi, "ba a haifi wanda zai kayar da ni a magana ba. Ra'ayina kuwa in na kafa shi, ko katafila aka kawo ba ta ture shi."

Gaskiya ne, ba a taɓa kayar da shi ba. Amma don Allah wa zai yi musu da mutumin da ya ɗora masa aska a maƙogwaro? Ko cewa ya yi rana daga yamma take fitowa, wanda ke kan kujera sai ya ce, "Ƙwarai kuwa," ya haɗiye yawu a hankali. A gida ma haka. Matarsa, Maman Auta, ta daɗe da gano hanyar zaman lafiya. Duk abin da ya faɗa sai ta ce, "Haka ne, Malam," ta ci gaba da abin da take yi.

Mutum ɗaya ce tak take ja da shi, ita ce Auta, 'yarsa ta ƙarshe da ta rage a gida bayan yayyenta sun watse. Kowace safiya a kan shayi sai sun kwasa. In ya ce burodin yanzu bai kai na da ba, ta ce, "Baba, kawo hujja." In ya ce motocin zamanin da sun fi na yanzu ƙwari, ta ce, "To ina suke?" Ya yi ta faɗa yana buga tebur har shayin ya huce, sannan ya fita shago yana murmushi, bai san ma yana yi ba.

Wata safiya Auta ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Baba, an ɗauke ni. Zan tafi koyon tuƙin jirgin ƙasa."

"Tuƙin me?"

"Jirgin ƙasa. Makarantar tana da nisa, can zan zauna."

"Ba za ki ba."

"Kawo hujja."

"Hujja? Ni za ki tambaya hujja?" Ya miƙe tsaye, burodi a hannu. "To shi ke nan. Ba zan hana ki da ƙarfin uba ba, kada a ce na fi ƙarfinki. Muhawara za mu yi, a ƙofar shago, a gaban kowa, da alƙalai. In aka ce tafiya ta yi nasara, ki tafi. In aka ce zama, ki zauna, kuma kada in sake jin ko usur ɗin jirgi a gidan nan."

"Na yarda. Amma a bi ƙa'idar zamaninku sak. Ba kai ka ce ƙuri'a ake jefawa kafin kowa ya san ɓangarensa ba?"

"Ni da nake cin kowane ɓangare? A jefa!"

"Haka ne, Malam," in ji Maman Auta daga bakin murhu.

Ba banza ya amsa da sauri ba, yana da dabara. A shago akwai matajai biyu, baƙi da ja. Baƙin ya yi giɓi, haƙoransa biyu sun karye. Za a jefa su cikin jakar tawul, baƙi na mai cewa a zauna, ja na mai cewa a tafi. Shi da ya san giɓin nan kamar tafin hannunsa, ai lalubawa ɗaya zai yi. Alƙalai kuma ya zaɓo su da kansa: Mai Kemis na kusa da shi, Tela na tsallaken titi, da Yayarsa, wadda tun farko ta ce mace da tuƙin jirgi ai ƙarshen duniya ya zo. Komai ya tsaru, saura shiri.

To a nan ne gizo ya fara saƙa. Malaminsu na muhawara ya koya musu wata hanya da Mai Kofi bai taɓa mantawa ba: kafin ka kara da mutum, ka fara tsayawa a ɓangarensa, ka kare shi da iya ƙarfinka da babbar murya, sai ka ga inda ya ɓule, ka soke shi ta nan. Shekara da shekaru bai yi amfani da ita ba, don ba a taɓa ba shi dalili ba.

Mai Kemis ne ya fara shigowa a gyara masa gashin baki. Gashin bakin nan kuwa shi ne jarinsa, ya fi kula da shi fiye da magungunan shagonsa.

"Zauna, alƙali," in ji Mai Kofi, ya yafa masa zane. "Bari in gwada maka abin da yarinyar nan za ta ce, ka ga yadda zan farfasa shi. Za ta ce: ya alƙalai, jirgi ya san hannun namiji da na mace ne? Ƙarfe ne, wanda ya iya shi yake bi."

"Uhm," in ji Mai Kemis.

"Za ta ce: kuna ba mace jariri sabon haihuwa ta riƙe, ba ku ji tsoro ba, sai birki ne zai gagare ta? Kai, wannan ta yi daɗi! Za ta ce: wa ya fi haƙurin zama wuri ɗaya yana kallon gaba, ba waige, ba tsere da kowa? Faɗa mini, wa ya fi?"

Hannu ya ɗaga sama, injin aski yana kuka, ya sauko da shi don ya jaddada magana. Ɓangaren hagu na gashin bakin Mai Kemis ya faɗo kan zane gaba ɗayansa.

Mai Kemis ya dubi madubi, madubi ya dube shi.

"Innalillahi! Mai Kofi, ka kashe ni!"

"Zai tsiro, zai tsiro. Tsaya ka ji raddin."

"Wane raddi? Ni dai wallahi, ko da rabin baki zan faɗa, yarinyar nan tana da gaskiya."

"Ai ba ita ta faɗa ba, ni na faɗa! Tsaya in rushe shi."

"To rushe."

Mai Kofi ya sosa ƙeya. Ya dubi kofi, kofi bai ce komai ba. "Raddin yana nan tafe," ya ce. "Manyan hujjoji ba sa gaggawa."

Mai Kemis ya fita da hannu a baki, ya shiga shagonsa ya ɗauko takunkumi ya ɗaura. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce mura ce.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Amma Mai Kofi ya ɗanɗana wani abu da ya manta daɗinsa. Kansa ya kama aiki kamar keken ɗinkin da aka ɗiga wa mai. Hujja na kiran hujja, wannan ta haifi waccan, har ya manta bai ci abincin rana ba. Da Tela ya shigo washegari, da sumarsa mai cunkus wadda ba ta ga mataji ba tun wancan askin, ko gaisawa ba su gama ba ya fara.

"Na gano inda za ta ɓullo. Za ta ce haɗarin mota ya fi na jirgi yawa. Ka ga, mota tana iya kaucewa ko'ina, amma jirgi hanyarsa a shimfiɗe take. Bari in nuna maka."

"Ba sai ka nuna ba, na gane."

"Ka ga layi ɗaya nan." Injin ya taso daga goshi ya nufi ƙeya. "Ga ɗan'uwansa a gefe." Ya sake jan wani. "To ta ina zai kauce? Ta ina?"

Ya kafa jan mataji a tsakiyar sumar don ya zama tasha, ya ja da ƙarfi, sai ji aka yi ƙas, haƙora biyu sun zauna a ciki. Ya jefa matajin a aljihun tebur ko kallonsa bai yi ba, ya ci gaba da bayani.

Tela ya shafa kansa, ya ji hanyoyi biyu santal daga gaba har baya. "Mai Kofi, me na yi maka? Ɗinkinka na taɓa ɓatawa?"

"Yi haƙuri, sai mu kwashe duka."

"Kada ka sake taɓa ni! Amma tsakani da Allah maganar nan ta shige ni. Ashe jirgin ya fi motar da nake hawa kullum aminci."

"Kai ma? Tsaya ka ji raddi mana!"

"Ka aiko mini da shi shago."

Yana tsallaka titi masu shaguna suka hango kansa. Wani ya yi kukan jirgi, wani ya tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi. Har yamma ba a bar bawan Allah ya zare allura cikin natsuwa ba.

Alƙalai biyu sun zube, saura Yaya. Mai Kofi ya rufe shago ya nufi gidanta, yana yi wa kansa gargaɗi a hanya: wannan tana ɓangarenka, abin da za ka yi kawai ka yi shiru. Ya same ta tana ninke wanki.

"Ka kwantar da hankalinka, ƙanena," in ji ta. "Ni na san abin da zan yanke. Ina yarinya ƙarama za ta iya juya sitiyarin jirgi? Hannunta ai sai ya ɓalle."

Ya ciji leɓe. Ya ƙirga rufin ɗaki. Ya sha ruwa. Amma raunin hujjar nan ya tsaya masa a wuya, ya ƙi wucewa.

"Yaya, jirgin ƙasa ba shi da sitiyari."

"To da me yake kwana?"

"Layin ne yake kwana da shi."

"To ko ma dai mene ne, mace ba ta nisa da gida."

"Haba Yaya! Ke da kika yi shekaru kina fatauci, kina kwana a hanya, da shi kika ɗauki karatuna? Da an zaunar da ke, da wa zai saya mini takalmin da na hau dandamali da shi na ci kofin?"

Yaya ta saki zanen da ke hannunta. Idonta ya kawo ruwa. "Kai, ƙanena, ka tuna mini. Wallahi haka ne. Allah Sarki, ashe jinina ne a jikin yarinyar nan." Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito tana jan tsohon akwatinta na fatauci. "Kai mata wannan, makullinsa yana aiki."

Haka Mai Kofi ya dawo gida da akwati a ka, ya ce wa Maman Auta ajiya aka ba shi.

"Haka ne, Malam," in ji ta, ta share masa wuri a ɗakin Auta.

Ranar muhawara da la'asar ƙofar shago ta cika. An jera benci, masu shaguna sun rufe, har masu wucewa sun tsaya. Alƙalai suka zauna a gaba: Mai Kemis da takunkumi, Tela da hula har kunne, Yaya da mafici. Maman Auta ce mai kula da lokaci, da murfin tukunya da cokali. Kofi kuwa an sauko da shi, an ɗora kan kujerar aski yana sheƙi.

Mai Kofi bai karaya ba. Alƙalan da ya juya da baki, ai da baki zai juyo su. Ya jefa matajai cikin jaka, ya girgiza, ya ɗaga kai sama don kowa ya ga ba ya leƙe. Ya zura hannu, ya laluba, ya ji giɓi. Ya zaro shi da ƙarfi ya ɗaga sama kamar tuta.

Ja ne.

"Tafiya!" in ji Tela, ya buga cinya. "Mai Kofi zai kare tafiya!"

Ya dubi matajin, ya dubi hular Tela, sai a lokacin ya tuna haƙoran jan matajin da suka karye a sumarsa. Gumi ya karyo masa.

"Baba, in kana so a sake," in ji Auta a hankali.

"Ba a sakewa!" in ji Mai Kemis ta cikin takunkumi. "Shi ya ce kowane ɓangare yana ci."

To, akwai sauran hanya ɗaya: ya yi magana sakaka, ya faɗi da gangan, Auta ta ci, ta zauna. Kunya ce ta yini ɗaya. Cokali ya daki murfi, ya fito gaba yana jan ƙafa.

"Ya alƙalai masu adalci, mai kula da lokaci, abokiyar karawata, jama'a. Tafiya dai... to, tafiya ce. Jirgi kuma yana da tsawo. Wasu suna son sa." Ya yi tari. "Yana da tagogi."

Jama'a suka dubi juna. Can baya wani ya ce, ba ma a ɓoye ba, "Ashe kofin nan a gwanjo aka sayo shi."

Wayyo! Da zaginsa aka yi da ya daure. Mai Kofi ya juya a hankali, ya gyara wuyan riga, ya jefar da mataji. "A gwanjo? To buɗe kunnenka."

Abin da ya biyo baya har yau ana labarinsa a layin. Ya kawo ta jariri da birki. Ya kawo ta layin dogo, ya fizge hular Tela ya nuna wa jama'a zane. Ya kawo ta fataucin Yaya, har ta rufe fuska da mafici. Ya kawo waɗansu sababbi da shi kansa bai san yana da su ba, suna zuwa masa yana tsaye, yana jin daɗinsu kamar mai shan ruwan sanyi bayan doguwar tafiya. Maman Auta ta daki murfi, ta sake daka, ko a jikinsa. Da ya dire, benci suka ɗauki tafi, mai gwanjon nan ya fi kowa ihu. Mai Kofi ya zauna yana haki, yana washe baki, sannan ya tuna abin da ya yi.

Auta ta miƙe. Ita ƙuri'a ta ba ta kare zama. Ta tsaya tana murza gefen mayafi.

"Ya alƙalai, hujjata ɗaya ce. In na tafi, babu wanda zai ce wa Baba ya kawo hujja. Zai sha shayinsa da zafi, ya fita shago, kowa ya ce masa haka ne har dare. Na san shi. Ba jirgi yake tsoro ba, shirun gidan yake tsoro. Ni ma shi nake tsorar masa. Na gama."

Ta zauna. Yaya ta sauke mafici. Tela ya sunkuyar da layukansa. Kowa ya ga alƙalan sun fara karkata.

Saura raddi, kuma na Mai Kofi ne. Shiru kawai zai yi, 'yarsa ta zauna. Kwana da kwanaki yana neman hujjar da za ta riƙe ta, ga shi ita da kanta ta miƙo masa, kuma gaskiya ce tsantsa, ta soke shi har zuci. Sai dai kan nan nasa da ya tashi daga barci ya ƙi komawa. Ya juya hujjar, ya duba ƙasanta, ya ga inda ta ɓule. Da bai gani ba da ya huta.

Ya miƙe, ba buga ƙirji wannan karon.

"Ya alƙalai, abokiyar karawata ta faɗi gaskiya. Amma hujjar tata ba ta nuna zama zai amfane ta ba, ni zai amfana. Uban da ya tsare 'yarsa a gida don ya sami abokin musu, ba ita ya duba ba, kansa ya duba." Ya juya ya dubi Auta. "A bar ta ta tafi. Shayi kuma... zan saba shan sa da zafi."

Ba a ma yi shawara ba. Hannuwa uku suka tashi tare.

"Mai Kofi ya ci!" in ji Tela. "Ya kayar da Mai Kofi!"

Aka fashe da dariya da tafi. Ya ja baya zai zauna, bai lura waɗanda ke kan bencin duk sun miƙe ba, ya sauka a ƙarshensa. Benci ya ɗaga, ya yi zaman dirshan a ƙasa, ƙafa a sama. Auta ce ta fara isa gare shi, tana dariya tana share hawaye.

"Baba, ka ji ciwo?"

"Ban faɗi ba," in ji shi. "Zama na yi."

"Kawo hujja."

Shi ya ɗauki akwatin Yaya har tasha ranar tafiyar, yana yi wa ma'aikatan jirgi bayanin yadda layi yake kwana da jirgi, suna gyaɗa kai. Da jirgi ya tashi, ya dawo gida.

Washegari ya zauna a gaban shayi. Kujerar Auta tana nan an tura ta ƙarƙashin tebur. Ya kurɓa, ya ƙona harshe. Ya gutsuri burodi, ya juya shi a hannu, ya ce a sanyaye, ba don yana jiran komai ba, "Burodin yanzu dai bai kai na da ba."

"Ban yarda ba."

Ya ɗago kai. Maman Auta ce tsaye a bakin ƙofa, tana goge hannu da tsumma.

"Me kika ce?"

"Na ce ban yarda ba. Na da ɗin nan da kake yabo, sai an jiƙa shi yake tauno."

Mai Kofi ya ajiye burodin a hankali. Ya ture shayin gefe don ya huce.

"Kawo hujja," ya ce.

Ta jawo kujerar Auta ta zauna, ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Gyara zama, Malam. Tun kafin a haifi yaran nan nake tara su."